Farautar talotalon daji a Amurka: yadda ake tafiyar da yinin, daga duhun asuba zuwa tukunya

Talotalon da ake kiwo a gida da na daji asalinsu ɗaya, amma halinsu ya yi hannun riga. Na daji, wanda mazauninsa Amurka ce da kudancin Kanada da wani yanki na Mekziko, yana gudu a ƙasa har kusan kilomita 40 a awa, yana tashi sama da ƙarfi idan ya firgita, kuma a kan bishiya yake kwana. Idanunsa a gefen kai suke, don haka yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi da ɗan juya wuya kaɗan, yana kuma bambance launi. Kunnensa na gane daidai inda sauti ya fito. Hanci ne kaɗai bai da shi sosai, shi ya sa maharbin talotalo ba ya damuwa da inda iska ke kai warinsa yadda maharbin barewa ke damuwa.

A farkon ƙarni na 20 tsuntsun nan ya kusa ƙarewa saboda sare dazuzzuka da harbi ba ƙa'ida. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin bindigogi da harsashi don kula da namun daji, sannan daga shekarun 1950 aka fara kama na daji da ragar da ake harbawa, ana kai su wuraren da suka ɓace. Yau ana farautarsa a jihohi 49, Alaska ce kaɗai babu. Wannan tarihin ne ya sa dokokin farautarsa suke da tsauri, kuma maharbi na gari ba ya jin nauyinsu.

Babbar farautar ana yin ta ne tsakanin Maris da Mayu, lokacin barbara. Abu ɗaya ne ya kamata ka riƙe tun daga nan, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya: a ɗabi'ar tsuntsun, toro, wato namijin, ne ke tsayawa ya yi cara, mace ta taka ta same shi. Kai kuma za ka zauna a gindin bishiya kana kwaikwayon kukan mace, kana so toro ya saɓa al'adarsa ya tako ya same ka har tazarar mita 30. Wurin zama da rashin motsi su ne ke yin yawancin aikin nan. Iya kira na biye da su.

Takardu da doka

Kowace jiha da dokarta, kuma suna canzawa shekara-shekara, don haka ka karanta littafin ƙa'idojin hukumar namun daji ta jihar na wannan shekarar. Galibi ana buƙatar lasisin farauta, da izinin talotalo na musamman, da shaidar cewa ka yi kwas ɗin koyon farauta lafiya. A kudancin Fulorida ana buɗewa tun farkon Maris, a jihar Niyok kuwa daga 1 zuwa 31 ga Mayu ne, kuma harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa ƙarfe 12 na rana. A Fensilbaniya doka ta hana bin sautin talotalo a sanɗa a wannan lokacin, kira kawai aka yarda da shi. A yawancin jihohi mai gemu kaɗai ake harbi, wato mai tuntun gashi a ƙirji, an hana zuba hatsi don jawo su, an kuma hana kira da na'urar lantarki.

Wanda ke Amurka da bizar zama na wucin gadi, kamar ɗalibi ko baƙo, ya san cewa dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga, sai dai ta yi togiya ga wanda ke da lasisin farauta mai aiki. Lasisi ne farko, kafin hannu ya taɓa bindiga. Idan filin na wani ne, a nemi izini a rubuce.

Bindiga da gwajinta a takarda

Bindigar da ake amfani da ita ita ce mai watsa ƙwayoyi, geji 12 ko geji 20 (geji ma'aunin faɗin bututun bindiga ne). A bakinta ana ɗaura matsi mai tsananin ƙunci wanda ke tara ƙwayoyin wuri ɗaya. Dalili shi ne ba jikin talotalo ake harbi ba. Gashinsa da ƙasusuwan fiffikensa suna tare ƙwayoyi, ya ji rauni ya gudu ya mutu inda ba za ka same shi ba. Kai da wuya ake nema, wuri ne da bai fi tafin hannu da tsintsiyarsa ba.

Harsashin dalma mai lamba 4, 5 ko 6 shi ne na gargajiya, mai tsawon inci 3 da ƙwayoyi kusan giram 50. Akwai kuma na ƙarfen tangistin, lamba 7 ko 9, wanda ya fi dalma nauyi nesa ba kusa ba, don haka ƙananan ƙwayoyinsa suna ratsawa kamar manya kuma sun fi yawa a cikin kwanso. Yana da tsada, kuma sai ka tabbata matsin bakin bindigarka an ƙera shi don ya ɗauke shi.

Kada ka shiga daji da bindigar da ba ka gwada a takarda ba. Ka kafa babbar takarda mai faɗin mita ɗaya a yadi 40, wato kusan mita 36. Ka yi ɗigo a tsakiya, ka zauna a ƙasa yadda za ka zauna a daji, ka harba. Sai ka zana da'ira mai faɗin santimita 25 a inda ƙwayoyin suka fi taruwa, ka ƙirga. Ma'aunin da maharba suka saba bi shi ne ƙwayoyi 100 a cikin da'irar, ba tare da manyan giɓi ba. Idan ba su kai ba, ka matso da takardar har su kai; wannan tazarar ita ce iyakarka. Ka duba kuma ko tsakiyar tarin ta faɗa kan ɗigon. Bindigogi da yawa suna harbi sama ko gefe da ɗan taƙi, sai an gyara saiti. Daga nan ka sake harbi a mita 12. Za ka ga duk ƙwayoyin sun shige ta rami ɗaya da bai fi dunƙulen hannu ba, ka gane dalilin da ya sa kuskure ya fi yawa idan tsuntsu ya matso sosai.

Sutura da kayan kira

Sutura mai launin ganye da ɓawon itace daga kai zuwa ƙafa, har da abin rufe fuska da safar hannu, domin fuska da hannu su ne ke motsi kuma su ne ke ƙyalli. Ja, fari, shuɗi da baƙi kada su fito a jikinka ko kaɗan, ko safa ce ko wuyan singileti. Ukun farko launin kan toro ne, baƙi kuma launin jikinsa, kuma wani maharbi mai gaggawa na iya ganin ɗigon ja a cikin ganye ya ja kunama. Ka ɗauki matashin zama mai kauri, domin wanda gindinsa ya yi tsami dole ya motsa. Sai ruwa, tocila ƙarama, wuƙa mai kaifi, ƙyalle mai launin ruwan lemo mai haske, da safar roba ta gyaran nama. Kwana biyu kafin fita ka fesa maganin kaska na fametirin a tufafi, ba a fata ba, ka bar su su bushe. Kaskar dazukan arewa maso gabashin Amurka na ɗauke da cutar Layim.

Kayan kira iri uku ne suka fi yawa. Akwai ɗan akwatin katako mai murfi da ake gogawa a bakinsa. Shi ya fi sauƙin koyo, ya fi kuma ƙara, amma yana son alli marar maiƙo, kuma laima na kashe muryarsa. Ka ɗaure murfin da roba yayin tafiya don kada ya yi kuka da kansa. Akwai faifan dutse ko gilashi da ake zana wa ɗan tsinke. Ana riƙe tsinken kamar biro, a karkace, ana zana ƙananan da'irori ba tare da ɗaga shi ba. Ka riƙa goge fuskar faifan da takardar yashi ta gefe ɗaya, kada yatsa ya taɓa ta, maiƙon hannu yana sa tsinken ya zame. Na uku shi ne ɗan ƙaramin lebatun roba da ake mannawa a ganɗa, ɓangaren da ke buɗe yana kallon haƙora. Ya fi wuyar koyo, sai an yi makonni ana gwadawa, amma shi kaɗai ne ke barin hannu biyu a kan bindiga.

Kukan da kake buƙata ba su da yawa: kiran mace na yau da kullum, wanda ake jerowa sau biyar zuwa bakwai, ɗan gajeren "ƙwak" guda ɗaya ko biyu, gurnani mai taushi na mace mai kiwo hankali kwance, da jerin "ƙwak" masu kaifi da sauri na mace mai zumuɗi. Ka saurari muryar matan talotalo na gaske ka kwaikwayi tazarar da suke bari tsakanin sauti. Tsarin ya fi daɗin murya muhimmanci. Ka haɗa da abin busa mai kukan mujiya da na hankaka, domin toro a wannan lokacin yana mayar da cara ga duk wata ƙara ta ba-zata, ya tona inda yake ba tare da ka ce masa akwai mace ba.

Jajibirin farauta

Yinin farauta daga yammacin jiya yake farawa. Ka zaga bakin gonaki, tsofaffin hanyoyin masu yankan katako da gefen rafi kana duba ƙasa. Sawun toro daga dunduniya zuwa ƙarshen yatsan tsakiya yakan kai santimita 10 ko fiye, na mace bai kai ba. Kashin toro dogo ne mai lanƙwasa a ƙarshe kamar ƙugiya, na mace a naɗe yake dunƙule. Inda ka ga layuka biyu a ƙura, hagu da dama na sawu, toro ne ya ja fiffikensa yana taƙama. Ka riƙe wurin nan da kyau, domin yakan dawo masa. Ganyen da aka tone ya nuna inda suka yi kiwo, kuma gefen da ganyen ya taru shi ne bayansu. Tarin kashi da gashi a ƙarƙashin manyan bishiyoyi, musamman kusa da ruwa ko a gefen tudu, makwanci ne.

Kafin faɗuwar rana da rabin awa ka tsaya a wuri mai tudu ka yi shiru. Za ka iya jin bugun fiffike yayin da suke hawa. Idan duhu ya fara, ka busa kukan mujiya sau ɗaya. Wanda ya amsa, ka san bishiyar da zai kwana. Ka tsara hanyar da za ka bi da asuba da bishiyar da za ka jingina, ka share busassun ganye da ƙirare a gindinta idan nesa ta isa, sannan ka fice ba tare da ka matsa kusa ba.

Kafin gari ya waye

Ka yi nufin zama a wurinka awa guda kafin fitowar rana. Alfijir na ketowa kafin wannan, don haka Musulmi ya yi sallar asuba a gefen mota, ya shiga daji da hankali ɗaya. A rufe ƙofar mota a hankali. Bindiga ba harsashi har sai ka zauna. Tocila a kashe tun kana da sauran mita 300.

Tazarar da ta dace da makwanci ita ce mita 100 zuwa 150. A farkon lokacin, da bishiyoyi ba su yi ganye ba, ka tsaya nesa, domin daga reshe yana hango ƙasa sarai. A watan Mayu da ganye ya rufe kana iya matsawa, amma ka tuna ganye na cinye sauti, carar da kake ji kamar daga nesa tana iya zama kusa ƙwarai.

Zaɓen wurin zama shi ne inda ake cin farautar ko a faɗi. Ka zauna a gefen da yake son sauka, wato wajen fili ko doron tudun da ka ga alamar taƙamarsa. Ka kasance daidai da shi ko sama da shi, domin toro ya fi yarda ya hau tudu zuwa ga kira a kan ya gangara. Kada rafi, shingen waya, kwazazzabo ko sarƙaƙiya su shiga tsakaninku. Tsuntsun da ke tsallake rafi sau goma a yini don kansa sai ya tsaya a bakinsa yana cara awa guda yana jiran mace ta tsallako. Sannan ka nemi wurin da ba zai hango inda kake ba sai ya shigo cikin iyakar harbinka, misali mita 30 bayan ɗan tudu ko kwanar hanya. Idan daga mita 80 yana ganin gindin bishiyar da kukan ke fitowa, kuma bai ga mace ba, nan zai tsaya.

Bishiyar da za ka jingina ta fi kafaɗunka faɗi, ta kuma fi kanka tsawo. Tana ɓoye siffarka, tana kuma kare bayanka daga harbin wani. Na-dama ya juya kafaɗar hagu wajen da yake sa ran tsuntsu, ya ɗaga gwiwar hagu ya ɗora bindiga a kai, gindinta a kafaɗa. Bahago ya yi akasin haka. Ka zaɓi wasu bishiyoyi biyu ko uku da ke iyakar tazararka ka riƙe su a ka. Idan za ka kafa talotalon roba don ruɗar toro, mita 15 zuwa 18 daga inda kake ya isa, a inda kake ganin abin da ke bayansa. A dajin gwamnati da kowa ke shiga, macen roba kaɗai za ka kafa, kuma a cikin jaka ake ɗaukar ta.

Cara ta farko da saukowa

Toro yakan fara cara rabin awa ko fiye kafin fitowar rana. Ka bar shi ya fara. Idan haske ya ɗan bayyana, ka yi kira mai taushi sau uku ko huɗu, kamar na mace da ba ta gama farkawa ba. In ya amsa, ya ji ka, ya kuma san bishiyar da kake. Ka ajiye abin kira. Nan ne sababbin maharba ke ɓata lamarin: carar na da daɗin ji, sai su yi ta kira yana ta amsawa. Abin da hakan ke haifarwa biyu ne. Ko ya zauna a reshe yana jiran macen nan mai zumuɗi ta zo ƙarƙashinsa, ko carar tasa ta jawo mata na gaske, ko ma wani maharbi.

Lokacin da ƙasa ta yi hasken da za ka iya bambance ganye, kana iya buga hula a cinya da sauri don kwaikwayon fiffiken mace mai sauka, in dai ba ya ganin ka. Harbin tsuntsu a kan reshe haramun ne a dokar jihohi da dama, kuma ko inda ba a hana ba maharba na ƙyamar sa. Idan ya sauka, carar za ta canza ta zama kamar an rufe ta da bargo. Sai ka yi kira ɗaya mai ɗan ƙarfi. Ya amsa yana matsowa, ka yi shiru, ka gyara bindiga tun yanzu. Idan ya yi tsit, kada ka ɗauka ya tafi. Sau da yawa mai zuwa ne ke yin shiru. Ka kasa kunne ga takun ganye, da wani sauti mai zurfi kamar an tofa yawu sannan an buga ganga daga nesa. Wannan sautin taƙama ne, kuma ba a jin sa sai tsuntsu na kusa.

Idan abin bai tafi yadda aka so ba

Mafi yawan safiya, toro zai sauka ya bi matansa ya yi gaba. Wannan ba laifin kiranka ba ne. Dabara ɗaya ita ce ka bar shi ka tsokani babbar macen: duk kukan da ta yi ka mayar mata irinsa, ka katse ta, ka fi ta ƙarfi. Wani lokaci takan taho neman faɗa, toro na biye. Idan hakan bai yi ba, ka zauna. Mace tana yin ƙwai ɗaya a rana har su kai 10 zuwa 12 kafin ta fara kwanci na kwana 28, don haka da hantsi, tsakanin ƙarfe 9 da 11, matan kan zame su tafi sheƙa. Toro ya rage shi kaɗai, kuma bai manta inda ya ji mace da asuba ba. Wanda ya koma mota ƙarfe 8 don shan shayi ya bar sa'o'in da suka fi albarka. Toron da ya amsa kira da hantsi ya fi na asuba saurin zuwa.

Idan ya tsaya a mita 60 ko 70 yana kai da komo da jela a buɗe, kada ka harba, kada ka ƙara ƙarfin kira. Ka yi shiru na minti 15 ko 20. Idan ba ya kallon ka, ka tona ganye da hannu sau uku, ka dakata, ka sake, kamar mace mai kiwo da ba ta damu da shi ba. In ku biyu ne, mai kira ya ja da baya mita 40 a ɓoye yana kira, kamar macen na tafiya, mai harbi ya zauna inda yake. In ya juya ya tafi, ka bari ya yi nisa, ka zagaya ta bayan tudu ka tare gabansa, ka canza abin kira.

Bayan cara ta ƙarshe ka ba shi aƙalla minti 30 kafin ka miƙe, kuma kafin ka miƙe ka juya ido a hankali ko'ina. Idan babu wanda ya amsa tun safe, ka bi doron tudu a hankali, kana tsayawa duk mita 200 ka busa hankaka, sannan ka yi kira. Kada ka taɓa kira sai kana tsaye kusa da bishiyar da za ka iya zama, domin amsa na iya zuwa daga mita 70. Ranar ruwan sama suna fita fili, saboda jiƙaƙƙen daji yana hana su ji da gani. Ranar iska suna sauka kwari, kuma akwatin katako ne muryarsa ke ratsawa. Gajeren "fut" mai kaifi daga tsuntsu mai miƙe wuya alama ce ya gan ka. In yana cikin iyaka kuma bindiga na kansa, daƙiƙa biyu gare ka, in ba haka ba ka ƙyale shi.

Kada ka bi cara ko kukan mace a sanɗa. Mai yin kukan yana iya zama mutum da bindiga a gwiwa. Idan ka hango wani maharbi na nufo ka, kada ka ɗaga hannu, kada ka miƙe, kada ka yi kiran talotalo. Ka yi magana da babbar murya ta mutum har ya amsa.

Harbi

Sai ka ga gemu da idonka, wato tuntun baƙin gashi mai kauri da ke rataye a ƙirji. Toro baƙi ne mai sheƙi, kansa ja da fari da shuɗi. Mace ruwan ƙasa ce, kanta toka-toka. Ɗan shekara ɗaya gemunsa gajere ne, kuma idan ya buɗe jela gashin tsakiya sun fi na gefe tsawo, na babba kuwa a daidaice suke. Wasu matan ƙalilan suna da gemu, kuma ko da dokar jihar ta halatta su, barin su ya fi, domin sheƙa guda ce za ta tafi da su. Ka duba abin da ke bayansa: wani tsuntsu, hanya, gida.

Kana motsa bindiga ne kawai idan kansa ya shiga bayan bishiya, ko ya juya maka baya jelarsa ta rufe masa ido. Mita 20 zuwa 30 ita ce tazarar da ta fi kyau. Kada ka harbe shi yana cikin taƙama, domin wuyan a naɗe yake cikin gashi, ƙwayoyin kuma za su lalata ƙirji. Ka yi "ƙwak" ɗaya da baki, zai miƙe wuya. Ka saita daidai inda fatar wuya ta haɗu da gashi, yadda rabin ƙwayoyin na sama za su kama kai, na ƙasa su kama wuya. Kunci ya manne da katakon bindiga. Yawancin kuskure daga ɗaga kai ne don a kalli tsuntsu, harbin sai ya wuce ta samansa. Ka yi bisimilla, ka matsa kunama a hankali.

Da ya faɗi, ka sa wani harsashin, ka dube shi. In ya ɗaga kai, ka ƙara. In bai ɗaga ba, ka kulle kunama ka isa gare shi da sauri, bakin bindiga na kallon ƙasa. Zai yi ta bugun fiffike ko da harbin ya yi kyau. Ka taka fiffike ko ƙasan wuya, kada ka cafki ƙafa yana shure-shure, ƙaimin babban toro yana tsaga tafin hannu. Idan ka same shi da sauran rai, sai ka yanka shi nan take. Wuƙar ta kasance a aljihun da hannu zai kai ba lalube. Kafin ka ɗaga shi daga wurin ka cike takardar shaidar da ta zo da izininka ka ɗaura masa a ƙafa, ko ka yi rajista ta waya, yadda jihar ta tsara. Ka cire harsashi, ka naɗe tsuntsun da ƙyallen ruwan lemo, kan nan mai ja ya shige ciki, sannan ka saɓa.

Ƙaimi na nuna shekaru: ƙasa da santimita ɗaya da rabi ɗan shekara ɗaya ne, kusan biyu zuwa biyu da rabi ɗan shekara biyu, wanda ya wuce haka ya yi tsini da lanƙwasa ya kai uku ko fiye. Babban toro na gabashin Amurka yakan yi kilo 8 zuwa 11.

Gyara da dafawa

Zafi ne abokin gabar naman. Idan za ka ɗauki fiye da awa guda kafin ka isa gida, ka fitar da kayan ciki a daji. Sa safar roba, ka tsaga fata daga ƙarshen ƙashin ƙirji zuwa dubura, ka zagaye duburar da wuƙa ba tare da ka huda hanji ba, ka zura hannu ka jawo komai. Ka ware zuciya, ƙundu da hanta, ka cire matsarmama a hankali. Sannan ka tsaga gindin wuya ka cire jakar abincin da ke nan, tana saurin tsami. A saman ƙirji za ka ga wani kitse mai laushi kamar soso, wanda toro ke tarawa don lokacin barbara. Ka yanke shi ka yar, yana ɓata ɗanɗano. Ka cusa ledar ƙanƙara a cikin cikin, ka sa shi a kula, wato akwatin sanyi. Tsuntsun da ka ga alamar ciwo a jikinsa, ko ƙuraje a kai, ko rama ta fitar hankali, kada ka ci, ka sanar da hukumar.

Mai son gasa shi ɗungurungum zai fige. Ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 65, a tsoma na rabin minti, a gwada gashin fiffike. In ya fita da sauƙi ya isa. Ruwan da ya tafasa yana dafa fata ta yage. Mafi yawan maharba feɗewa suke yi: a tsaga fata a kan ƙashin ƙirji, a buɗe ta hagu da dama, a bi ƙashin da wuƙa a ɗebe tsoka biyu, sannan a karya gaɓar cinya a ciro ƙafafu. Ka bi duk wani ɗan rami a tsoka ka fitar da ƙwaya da gashin da ta tura ciki. Ƙwayar tangistin ba ta lotsewa, haƙori take fasawa.

Tsokar ƙirji ba ta da kitse, saurin bushewa gare ta. Ka jiƙa ta a ruwan gishiri, giram 60 a lita ɗaya, a firji na dare guda, ka yanka ta a gicciye, ka dafa har cikinta ya kai digiri 74, kada ya wuce da yawa. Cinya da ƙwauri kuwa na tsuntsun da ya yi rayuwarsa yana gudu ne, cike da jijiyoyi masu tauri kamar tsinke, kuma abin takaici ne yadda wasu ke zubar da su. Wuta kaɗan suke so, awa uku zuwa huɗu da albasa, citta, tafarnuwa da masoro, har nama ya saki ƙashi. A nan sai a zare jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya da hannu, a mayar da naman cikin romon a yi farfesu, ko a daka shi a soya a yi dambu. Kafin ka kwanta ranar, ka tuɓe ka duba bayan gwiwa, hammata, ƙugu da cikin gashin kai. Kaskar da ka samu ka kama ta da ɗan hantsaki daf da fata, ka ja ta a miƙe ba murɗawa, ka wanke wurin da sabulu.